Tambayoyi da amsoshi kan ajiyar ko-ta-kwana a situdiyon ɗaukar sauti

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda yara masu koyon aiki da abokan sana'a suka fi yi mini, wasu a situdiyo, wasu ta waya da tsakar dare bayan abu ya riga ya lalace. Na amsa su gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi gaban kwamfuta a wani ɗan situdiyo a Kano. Ban jera su bisa wani tsari ba, sai yadda suka zo mini.

Oga, kwamfutata sabuwa ce, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Me zai sa in kashe kuɗi a kan wani faifan ajiya?

Saboda abin da ke cikinta ba naka ba ne kai kaɗai, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Makirfo in ya mutu ka je ka sayo wani, lasifika ma haka. Amma muryar da mawaƙi ya zuba ranar Talata da daddare, bayan an maimaita baiti sau goma sha ɗaya har ya samu yadda yake so, ba ta dawowa. Ko ka sake kiransa ya zo, ba zai yi ta kamar waccan ba. 'Yan amshi sun karɓi kuɗinsu sun watse, wata ma ta yi aure ta bar gari. Wanda ya ba da aikin kuwa ba ruwansa da labarin kwamfuta, biki saura kwana huɗu.

Sabuntar kwamfuta ba ta hana komai. Faifai yana mutuwa yana sabo, yana mutuwa yana tsoho. Ɓarawo ba ya tambayar shekarun na'ura. Kuma mafi yawan asarar da na gani ba ma faifai ne ya mutu ba: hannun mutum ne ya goge folda yana neman wuri, ko ya ajiye sabon aiki a kan tsoho da suna ɗaya.

To kwafi nawa zan yi, kuma a ina zan ajiye?

Akwai wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata. Kwafi uku na kowane aiki, a kan na'urorin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam da situdiyo. A aikace ga yadda nake yi: aiki yana kan kwamfuta, da an tashi sai ya hau faifan waje da ke zaune a durowa, ranar Juma'a kuma in kwashe na mako a wani faifai da yake kwana a gida.

Wannan na ukun shi mutane suka fi rainawa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Wani abokin sana'ata yana da faifan waje, yana kwafe aiki kullum ba fashi, har yana yi mana wa'azi a kai. Sai dai kwamfutar tafi-da-gidanka da faifan duk a jaka ɗaya yake zuba su. Ranar da ya sauka daga adaidaita sahu ya bar jakar a kujerar baya, aikin wata bakwai ya tafi, asali da kwafi gaba ɗaya. Da muka je jaje bai iya cewa komai ba sai "ai na yi kwafi".

Ba ƙananan situdiyo kaɗai abin yake ci ba. Ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta tashi a harabar Universal Studios da ke kusa da Los Angeles a Amurka, ta cinye wani ɗakin ajiya da ke ɗauke da kaset-kaset na asali na kamfanin waƙa na Universal. A 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa abin da ya ƙone ya haura dubu ɗari, kodayake kamfanin ya ce asarar ba ta kai yadda aka faɗa ba. Ko nawa ne, duk a ɗaki ɗaya suke ajiye.

Faifai mai girman nawa zai ishe ni?

Lissafin ba wuya. In kana ɗauka da WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a 24-bit da 48kHz, layin murya ɗaya yana cin kusan megabait 8.6 a minti guda. Waƙar minti biyar mai layi talatin ta kai gigabait 1.3. Ka haɗa da baitocin da aka maimaita aka watsar, da gyare-gyare, da haɗin farko da na biyu da na "Oga ɗan ƙara mini murya", za ka ga waƙa ɗaya ta ci gigabait biyu zuwa uku. Ke nan faifai mai terabait ɗaya zai ɗauki waƙoƙi ɗari uku da wani abu. In kana aiki sosai, sayi mai terabait biyu, guda biyu. Ya fi maka guda ɗaya mai huɗu.

Na kwafe fayil ɗin aikin, amma da na buɗe shi a wata kwamfuta babu murya, babu rabin kiɗan. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace sa mutane kuka, don sun yi abin da aka ce su yi amma bai cece su ba.

Fayil ɗin aiki na manhajar haɗa waƙa, wato mai ƙarewa da .flp a FL Studio ko .cpr a Cubase ko .ptx a Pro Tools, ba sautin ba ne. Takardar umarni ce kawai, tana cewa ɗauko murya kaza daga folda kaza, ka sa ta a daƙiƙa kaza, ka ƙara mata amo kaza. Shi ya sa za ka gan shi ɗan ƙarami. Ainihin muryoyin suna wani wuri. A FL Studio ma sau da yawa suna warwatse: abin da ka ɗauka da makirfo yana foldar manhajar, kalangun da ka sauko da shi yana foldar saukarwa, wani sautin yana kan filash ɗin da makaɗi ya zo da shi ya kuma tafi da abinsa. Ka kwafe takardar umarni ka bar kayan, kamar ka ɗauko takardar jerin lefe ka bar akwatunan.

Kowace manhaja tana da hanyar tattara komai wuri ɗaya. A FL Studio ka fitar da aikin a matsayin zip, zai haɗa da duk sautukan da aka yi amfani da su. Cubase yana da Back up Project, Pro Tools yana da Save Copy In, Ableton yana da Collect All and Save. Abin da wannan umarni ya fitar shi za ka kwafe. Ya fi kyau ma tun ranar farko ka buɗe wa kowace waƙa foldarta, duk sautin da zai shiga aikin ka fara jefa shi ciki kafin ka ja shi zuwa manhaja.

Sunan folda kuma ka rubuta shi yadda za ka gane bayan shekara uku: shekara, wata, sunan mai waƙa, sunan waƙa. Na taɓa gadar kwamfutar wani situdiyo na tarar da folda tara, daga "sabuwa" sai "sabuwa 2" sai "sabuwa ta gaske". Sai da muka saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Waƙa ta fita, mai ita ya karɓa ya biya. Ba sai in ajiye MP3 in goge sauran ba?

Kada ka kuskura. A wannan sana'a waƙa ba ta ƙarewa. Mai waƙar siyasa zai dawo bayan shekara huɗu, uban gidansa ya sauya sheƙa, yana so a cire sunan tsohuwar jam'iyya a sa sabuwa, kiɗa da amshi su zauna yadda suke. Mai waƙar biki zai so kiɗan nan dai, a canza sunan ango da amarya. Mai fim zai ce a ba shi kiɗa zalla ba murya. Wanda yake da layukan a rarrabe aikin awa ɗaya ne a gare shi, ya karɓi kuɗinsa. Wanda MP3 kawai ya ajiye sai ya sake gini daga tushe, kuma ba zai fito daidai ba.

Ga abin da nake ajiyewa kafin in ce na rufe aiki. Aikin da aka tattara, kamar yadda na faɗa a sama. Haɗin ƙarshe a WAV, da wani mara murya. Sannan kowane layi a fitar da shi WAV shi kaɗai, duka su fara daga daƙiƙar farko ko da layin bai shigo ba sai a tsakiya, don in an zuba su a kowace manhaja su hau kan juna daidai. Muryar mawaƙi ina fitar da ita sau biyu, ɗanya da kuma wadda aka gyara. Sai 'yar takarda a cikin foldar mai ɗauke da saurin kiɗan da makullinsa.

Dalilin wannan wahala shi ne fayil ɗin aiki yana tsufa. Ƙananan manhajojin da muke ɗorawa don gyaran murya da amo, wasu kamfanoninsu sun rufe, wasu ba sa tashi a sabuwar Windows, wasu kuma (mu faɗi gaskiya) ba da kuɗi aka same su ba, ba kuma za a sake samun irinsu ba. Ka buɗe aikin shekara shida sai ka ga rabin layukan sun yi shiru. WAV kuwa ba ya neman kowa, duk kwamfutar da ka kai shi za ta karanta.

Wanne ya fi: faifai mai juyawa, SSD, ko filash?

Kowanne da wurinsa. SSD na aiki ne: yana da sauri, ba ya ƙara a ɗakin ɗauka, faɗuwa ba ta cika kashe shi ba. Amma da cajin lantarki yake riƙe bayanai, kuma in aka bar shi shekaru ba a kunna ba cajin yana iya zurarewa, zafi kuma yana ƙara saurin hakan. Ka tuna yadda durowa take a watan Afrilu. Faifai mai juyawa ya fi arha a kan kowane terabait, ya fi dacewa da ajiya, sai dai ba ya son bugu, musamman yana cikin aiki. Shi ma ba na har abada ba ne. Kamfanin adana kayan tarihi na Iron Mountain ya bayyana a 2024 cewa kusan ɗaya cikin biyar na faifan shekarun 1990 da masu harkar waƙa suka kawo musu ba sa karantuwa. Saboda haka duk shekara huɗu ko biyar ina kwashe tsohon faifai zuwa sabo, ko da lafiyarsa ƙalau.

Filash na aike ne, ba na ajiya ba. Kasuwa ma cike take da na jabu, a rubuta 64 a jiki alhali cikinsa bai kai 8 ba. Zai nuna maka ya karɓi komai, sai ranar buɗewa ka ga fayilolin wofi. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, da take cika shi ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Ka gwada kafin ka amince.

In kana yawo tsakanin Mac da Windows, ka tsara faifan da exFAT. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, Mac kuma yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai sai da ƙarin manhaja.

Ni a Google Drive nake zuba komai. Bai isa ba?

Ya isa ya zama kwafi na uku, bai isa ya zama shi kaɗai ba. Gigabait 15 da suke bayarwa kyauta waƙa biyar ko shida ce in da layukanta, kuma Gmail ɗinka da hotunanka duk daga nan suke ci. Ga kuɗin data. Ni abin da nake turawa sama shi ne abin da ba zai sake samuwa ba: muryoyi, fayil ɗin aiki, haɗin ƙarshe. Tarin sautukan kiɗa da na sauko da su daga intanet ba na ɓata data a kansu.

Abu biyu za ka kiyaye. In ka sa foldarka tana daidaita kanta da Drive, duk abin da ka goge a kwamfuta a can ma ya gogu, kuma kwandon shararsu kwana 30 yake riƙewa. Na biyu, tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da dokar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba yana iya rufe shi da abin da ke ciki. Masu buɗe sabon Gmail duk lokacin da gigabait 15 ta cika, su manta da tsohon, su ji da kyau.

Wanda yake ganin babban kamfani ba ya ɓatar da kaya, ya tambayi mawaƙan da suka ajiye aikinsu a shafin sada zumunta na Myspace. A 2019 kamfanin ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 wajen ƙaura zuwa sababbin na'urori, kimanin miliyan 50.

WhatsApp kuwa ba wurin ajiya ba ne. In ka tura waƙa, ka tura ta a matsayin takarda, wato Document, don ta isa yadda take, amma kada ka ce ka ajiye.

An ce in sayi akwati mai faifai biyu masu kwafar juna, shi ke nan na huta.

RAID 1 ke nan. Yana cetonka in faifai ɗaya ya mutu, aiki bai tsaya ba. Amma in ka goge folda, duka biyun sun goge a lokaci guda, haka in ƙwayar cuta ta shiga, haka in wuta ta ƙona akwatin. Ka ƙirga shi kwafi ɗaya.

Wuta fa? Ina da janareta, me zan yi da UPS?

Tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta akwai minti ɗaya ko biyu, kuma a ƙiftawar ido kwamfuta take mutuwa. In abin ya zo daidai lokacin da manhaja take rubuta fayil, aikin na iya ƙin buɗuwa gaba ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni ana tsakiyar ɗaukar amshi, mata uku a ɗaki, mai waƙar yana tsaye a bayana. Da wuta ta dawo fayil ya ce bai san ni ba. Abin da ya fitar da ni kunya shi ne ajiyar da manhajar take yi da kanta, na samu ta minti goma da suka wuce. Ka duba taka yau: FL Studio yana da foldar Backup, Cubase yana barin fayilolin .bak a foldar aiki, Pro Tools yana da Session File Backups. Ka sa ta riƙa ajiyewa duk minti biyar.

UPS ba don ka ci gaba da aiki ba ne, don ka ajiye ka kashe cikin mutunci ne. Ka jona masa kwamfuta, allo, na'urar shigar da sauti da faifan waje. Manyan lasifika ka bar su a waje, suna shanye batir. Batirin cikinsa kuma a zafin nan namu ba ya daɗewa, bayan shekara biyu ka fara zarginsa. Ka zare filogi daga bango da gangan wata rana ka ga minti nawa zai riƙe. Mai inbata da sola ya fi kowa kwanciyar hankali, in dai inbatar mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce, don mai arha tana sa ƙugi a lasifika har ya shiga ɗauka.

Da damina in hadari ya haɗu ana walƙiya, faifan ajiya ya zama a zare, daga wuta da daga kwamfuta.

Ba ni da kuɗin sayen komai biyu-biyu. Wane kaya ne dole in samu safaya?

Ka fara da masu arha, don su suka fi tsayar da aiki. Wayar makirfo ta XLR guda biyu, wayar USB ta na'urar sauti, adaftar fiyano, abin saurare na kunne ko da mai sauƙin kuɗi ne, da ɗan kan jona shi wanda kullum yake ɓata. Na ga an sallami mawaƙi da 'yan amshinsa saboda waya ɗaya da ta tsinke daga ciki ƙarfe goma na dare, kasuwa ta tashi.

Bayan su sai makirfo na biyu. Babban makirfonka mai cin 48V ba ya son laima, da damina za ka ji yana tsartsatsi. Ka riƙa mayar da shi akwatinsa da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Safayarsa ya zama mai taurin rai irin Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966. Sai ƙaramar na'urar shigar da sauti mai ƙofa ɗaya ko biyu, ka riga ka saka direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ka gwada, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ka rufe kaya da zane in an tashi, ka busa cikin kwamfuta kafin zafi ya shigo.

Akwai abu biyu da ba kaya ba ne amma rashinsu ya fi na kaya ciwo. Makaɗin da ke aiki da Yamaha PSR ya kwafe salon kiɗan da ya shirya da saitinsa zuwa filash, daga filash zuwa kwamfuta. Fiyano in ya tafi wurin gyara ba lalle ya dawo da su ba. Sannan kwamfutar kanta: saka Windows da manhajoji da lasisinsu daga farko aikin kwana biyu ne ko uku. Ka ɗauki hoton faifan, wato kwafin duk abin da ke cikinsa gaba ɗaya, da Clonezilla, ko Time Machine in Mac ce, ranar da komai yake tafiya daidai. Lambobin lasisi da kalmomin sirri ka rubuta a littafi. Mai makullin iLok, ɗan filash mai riƙe lasisin manhaja, kuma ya san ɗan abin nan in ya ɓata manhajojinsa sun kulle.

Mawaƙa suna zuwa da filash su ce in zuba musu. Akwai matsala?

Akwai. Filash ɗin da ya zaga shagunan tura waƙa ya kwaso duk cutar da ke gari, har da mai mayar da folda gajeriyar hanya, wato shortcut, alamar da ke nuna inda folda take kawai. In da hali ka ware tsohuwar kwamfuta don wannan. In babu, aƙalla kada faifan ajiyarka ya kasance a jone lokacin.

Faifaina ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, wani lokacin ba ya fitowa. Me zan yi?

Ka daina kunna shi don gwaji. Kowane kunnawa yana iya ƙara karce cikinsa. In har yanzu yana buɗewa, kwashe mafi muhimmanci tukuna, muryoyin ayyukan da ba a gama ba, kada ka tsaya tsara folda. In Windows ta ce a tsara shi sabo, ka ce a'a. Kada ka buɗe murfinsa, kada ka sa shi a firji kamar yadda wasu ke cewa, kada kuma ka miƙa wa mai gyaran waya.

In gogewa ka yi bisa kuskure, faifan lafiyarsa ƙalau, ka daina rubuta komai a kai ka gwada Recuva ko PhotoRec, abin da suka samo ka zuba a wani faifai dabam. A faifai mai juyawa ana yawan dacewa. A SSD da wuya, don yana share gurbin da aka goge da kansa ba da daɗewa ba. CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar faifai. In ta yi ruwan ɗorawa ka fara neman kuɗin sabo.

Yaya zan san kwafin da nake yi yana aiki?

Ka buɗe shi. Farkon kowane wata ina ɗaukar faifan gida, in jona shi a wata kwamfuta, in zaɓi waƙa ɗaya da ka, in buɗe, in saurara daga farko har ƙarshe. A irin wannan gwaji na gano cewa yaron da na ɗora wa kwafe aikin yamma ya yi wata biyu yana jan gajeriyar hanyar foldar zuwa faifai, ba foldar ba. Kowace rana da sunanta a jere, tsaf, kowace kilobait ɗaya ko biyu. Ban yi masa faɗa sosai ba, don ni ne ban nuna masa ba. Daga ranar na saka FreeFileSync, na saita ta yadda abin da aka goge a kwamfuta ba zai gogu a faifai ba, na kuma ce kada a kashe fitilar situdiyo sai ta nuna ta gama.